Littafin Ƙafa Ashirin da Takwas

Shafi na ɗaya. Daren Talata, Tudun Wada.
Na sa kwanan wata a sama don na san halina:
abin da na haɗa da damina,
kafin kaka sai in tsaya ina kallonsa kamar baƙo.

Keken surfanin Ilu tela ne ya manta zane.
Allura na sauka, zare na bi,
amma furen wuyan riga ya koma sawun kaza.
Na buɗe cikinsa na zaro aisin,
ɗan baƙin kyankyaso mai ƙafa ashirin da takwas.
Duk abin da keken ya sani, nan yake kwance.
Na'urar rubuta masa kuwa sai an aika Legas,
kuɗinta hayar shagona ce ta wata huɗu.
Na ce to, wanda ba shi da jaki ai yana da kai.

Shafi na biyu, kayan aiki:
ɗan allo shuɗi, bai kai kwalin ashana ba,
irin wanda ɗaliban Poli ke kunna fitila da shi;
aisi biyu masu jera lambobi
daga gawar wata firinta da na tono a Panteka;
wayoyi ja da kore, da wata mai ruwan ɗorawa;
darma rabin naɗi, bashi ce.

Shafi na uku da jan biro na rubuta shi.
Akwai 'yar tsaga a kan aisin. Tsagar ta kalli sama.
Sau ɗaya na juya ta.
Hayaƙin bai taka kara ya karya ba,
warin ne ya kwana biyu a shago.

Istifanus na Kakuri ke da tagwayen keken.
Ya ara mini aisinsa, naɗe a takardar burodi,
ya ce, "Kafin a tashi coci ina son abina."
Na karanta shi cikin dare,
lambobi suka zubo kan kwamfuta
kamar ruwan indararo,
na tare su tsaf. Da asuba na hau Keke Napep,
muka haye gada, kogi ya cika ya yi ja.

Sai rubutu. Nan gizo ke saƙar.
Na zuba, na duba: babu komai.
Na sake zubawa, fayau, kamar allon da aka wanke.
Dare uku ina zargin aisi, ina zargin Nepa,
har na zargi hannun Istifanus, Allah ya yafe mini.
Ashe ƙafa ta ashirin da bakwai ce,
wadda ke ba da izinin rubutu:
wayarta na jingine kawai, darma ba ta kama ba.

Da na gyara, sai ya ɗauki ɗaya ya zubar da uku.
Sauri na yi masa.
Ka ba shi lamba, ka dakata
ƙasa da ƙiftawar ido, sannan ka ƙara.
Ba ya son ɗura.

Ladidi, 'yar ƙanwata mai koyon gyara,
ta leƙa littafin ta ce, "Kawu,
me ya sa kake rubuta inda ka yi kuskure?
Mutane za su gani fa."
Na ce su gani.
Hanyar da ta ɓulle layi huɗu ce kawai,
sauran shafukan ramuka ne, na sa musu dutse a baki.

Jiya Ilu ya aiko da riga, furen ya dawo wuya,
ganye biyar, ƙaramin ya ɗan karkace.
Ko keken ne, ko lamba ɗaya ce ta zame mini,
ban sani ba tukuna.
Na rubuta hakan a shafi na sha ɗaya,
kusa da tabon shayi,
na bar wa Ladidi layi uku a ƙasa.